Furoksi uku a wifin gida ɗaya: abin da ya faru a gidan wani ɗan kasuwa a Maradi

Gidan da wannan lamari ya faru yana unguwar Ali Ɗan Sofo, cikin garin Maradi. Maigidan ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda. Wasu kayan daga Kano yake ɗauko su, wasu kuma odarsu yake yi daga Sin ta intanet. Na sakaya sunansa da na iyalinsa, haka ma kamfanin sadarwar da yake hulɗa da shi, domin kamfanin ba shi da hannu a abin da zan faɗa. Intanet na shiga gidan ta akwatin wifi mai ɗaukar layin waya, ana saya masa forfen wata, wato datar da ake biya ta wata guda. Masu amfani da shi su ne Alhaji da kwamfutarsa ta hannu, matansa biyu, ɗan farinsa da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ƙannensa, sai kuma wani ƙaramin akwatin kallo mai Android da aka jona wa talabijin ɗin falo.

Tun lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Alhaji ya sa faranten sola da batura. An maido da wutar a watan Maris na 2024, amma solar ta zauna, kuma akwatin wifi da kayan falo duk a kanta suke. Wato dare da rana ba sa mutuwa. Za a ga amfanin wannan bayani nan gaba.

Kukan Alhaji uku ne. Forfen da ya saba kai su ƙarshen wata ya koma ƙarewa tun wata bai raba ba. Google da wasu shafuka sun fara tsare mutanen gidan, suna cewa sai sun zaɓi hotunan da ke da keke ko fitilar hanya kafin a bar su su wuce. Na ukun shi ya fi ɗaga masa hankali: shafin da yake odar kaya ya rufe masa asusu, aka turo saƙo cewa an ga an shiga asusun daga wata ƙasa ta Turai, alhali Alhaji bai taɓa taka Turai ba.

Aikina haɗa intanet a gidaje da shaguna, shi ya sa aka kira ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce mini maƙwabta ne ke shan wifin nan. Ka canja mini lambar sirri kawai, kowa ya huta."

Na ce, "Alhaji, za a canja in Allah ya so. Amma ku bar ni in ga inda megan ke tafiya tukuna, kada a ɗora wa maƙwabci laifin da ba nasa ba."

Da na shiga shafin saitin akwatin, duk na'urorin da ke jone na gidan ne, babu baƙo ko ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne ma'aunin data. Akwatin yana raba lissafi biyu: abin da ya shigo gidan da abin da ya fita. A gidan da ake kallon bidiyo da sauraron saƙon murya, abin da ke shigowa yakan ninka mai fita sau da yawa, domin kai tambaya ƙarama kake aikawa, amsa babba ta dawo maka. A nan kuwa mai fita ya kusa kamo mai shigowa. Na roƙi ɗan Alhaji ya rubuta lambar ma'aunin lokacin kwanciya, ya sake rubutawa da asuba. Gida na barci, wayoyi na caji, amma ma'aunin ya yi tafiya mai nisa, kuma shiga da fita kusan kai ɗaya. Na'urar da ke karɓar abu ta miƙa shi gaba ita kaɗai ke yin haka.

Yadda furoksi ke aiki

Furoksi kwamfuta ce da ke tsayawa tsakaninka da shafin da kake nema. Ɗan aike ne: ka ba shi saƙo, ya je kantin ya sayo, ya kawo maka, mai kantin shi ya gani, kai bai gan ka ba. Kowace hanyar intanet tana da lambar da ake gane ta da ita, adireshin IP, kuma daga wannan lamba shafuka ke ƙiyasta ƙasar da kake da kamfanin da kake amfani da shi. In ka bi ta furoksi, lambarsa za a gani. Iri biyu aka fi haɗuwa da su. Akwai na HTTP, wanda ya fahimci zancen shafuka, yawanci a ƙofa mai lamba 8080 ko 3128. Akwai kuma SOCKS, wanda ba ruwansa da abin da ke ciki, ɗauka kawai yake ya miƙa. Sigarsa ta 5 ta fito tun 1996, ƙofarsa 1080. Bambancinsa da VPN shi ne VPN yakan rufe duk abin da ke fita daga na'urar cikin sirri har zuwa sabarsa (saba ita ce kwamfutar da ke zaune a intanet tana yi wa wasu na'urori hidima), furoksi kuwa sau da yawa manhajar da aka saita masa kaɗai yake ɗauka, kuma ba lalle ya sirranta komai ba.

Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne aiken yana iya juyawa. Kamar yadda kake aika wani, haka wani zai iya mai da gidanka ɗan aikensa. A gidan Alhaji an samu duka biyun.

Kwamfutar Alhaji

Wannan bai ɗauki lokaci ba. A saitin Windows, sashen hanyar sadarwa, wurin furoksi a kunne yake, an rubuta wani adireshi da ƙofa 8080. Da na binciki adireshin, na ƙasar nan ne da saƙon rufe asusu ya ambata. Ɗan farin Alhaji, ɗalibin nan, bai ɓoye ba. Ya ce, "Baba, wallahi don karatu na sa. Wani darasi ne suka ce ba a buɗe shi a ƙasarmu, na samo lambar a jerin furoksi na kyauta, na manta ban cire ba."

Alhaji bai dube shi ba, ni ya duba. "Ka ji abin da yaron nan ya yi. To duk sirrina ya tafi ke nan?"

Amsar tana da gefe biyu, kuma na ba shi duka. Saitin da aka yi a Windows ya shafi Chrome da Edge gaba ɗaya, don haka duk shafin da Alhaji ya buɗe tun ranar, ta hannun wancan mutumin ya bi. Shafukan da adireshinsu ya fara da https, mai furoksin yana ganin sunan shafin, da lokacin da aka shiga, da yawan abin da ya wuce, amma ba ya iya karanta kalmar sirri ko abin da aka rubuta, domin kullen tsakanin kwamfutar ne da shafin. Wanda ba shi da wannan kulle kuwa, komai a buɗe yake gare shi, har yana iya canja abin da ke ciki ko ya cusa talla. Hanya guda da zai iya buɗe mai kullen ita ce a yarda a sa takardar shaidarsa ta intanet, irin wadda burauza ke dubawa kafin ta amince da shafi, a cikin kwamfutar, ko kuma burauza ta yi gargaɗi mutum ya danna "ci gaba". Na duba rumbun takardun shaida na Windows, babu baƙuwa. Na tambayi Alhaji ko ya taɓa ganin jan gargaɗi ya wuce shi, ya ce in ya ga ja rufe kwamfutar yake yi. Wannan ɗabi'a ta taimake shi ƙwarai. Duk da haka mun canja kalmomin sirrin imel da na odar kaya, muka kunna tabbatarwa ta mataki biyu.

Rufe asusun kuwa ba kutse ba ne. Shafin ya saba ganin Alhaji daga Nijar, wani lokaci daga Najeriya in yana Kano. Kwatsam ya gan shi daga Turai, ta lambar da ɗaruruwan mutane ke bi, cikinsu har da 'yan damfara. Ya yi abin da aka gina shi ya yi.

Ina da tsayayyen ra'ayi a kan waɗannan jerin furoksi na kyauta. Saba kuɗi take ci kowane wata. Wanda ya bar ta a buɗe ga duniya, ko kuskuren saiti ya yi bai sani ba, ko kwamfutar wani ce aka yi wa kutse, ko kuwa da gangan aka kafa ta don a ga abin da zai biyo. Ba ka da hanyar sanin wanne ka faɗa a ciki, kuma ko ɗaya bai dace da kwamfutar da ake kasuwanci da ita ba.

Amma cire wannan bai taɓa matsalar forfe ba, domin kwamfutar a kashe take kwana.

Wayar da ke bayan firji da akwatin falo

Daren da ya biyo na sa aka riƙa cire na'urori daga wifin ɗaya bayan ɗaya ana duban ma'auni. Biyu suka fito fili.

Ta farko tsohuwar waya ce mai fasasshen gilashi, ƙanen ɗalibin ya jona ta da caji a bayan firji ya bar ta. A ciki akwai wata manhaja daga cikin masu cewa ka sayar musu da intanet ɗin da ba ka amfani da shi su biya ka da dala ta Amurka. Abokinsa ne ya turo masa a WhatsApp, shi ma yana samun lada in ya kawo mutum. Irin waɗannan manhajoji ba su ɓoye aikinsu ba. Yana rubuce cikin sharuɗɗan da ake dannawa ba a karanta ba. Wayarka ta zama furoksi, su kuma su sayar wa abokan cinikinsu damar fita ta lambarka. A ƙasashen da ake biyan intanet na gida kuɗi ɗaya ko nawa ka sha, mutum zai iya cewa rara ya sayar. Mu nan babu rara, kowace mega saye aka yi. Ga shi kuma sau biyu ake cin ta: a ɗauko shafin ya shigo, a tura shi ya fita. Na zaunar da yaron muka yi lissafi a takarda. Abin da suke biya kan giga ɗan tsito ne a kan abin da mahaifinsa ke sayen ta, kuma abin da ya tara bai ma kai adadin da suke yarda a cire ba. Da ya ga lambobin da idonsa, shi da kansa ya goge ta.

Ta biyu ita ce babbar. Akwatin kallon nan ba shi da sunan kamfanin da aka sani, an saye shi a kasuwa da araha, an ce yana kama tashoshin ƙwallo da finafinai ba tare da biyan wata ba. Talabijin na kashe, akwatin na nuna ƙaramar jar fitila kamar yana hutawa, amma a hannu da ɗumi yake. Da na bi da shi ta kwamfutata na ga yana riƙe da haɗi guda a buɗe da wata saba a waje, daga nan kuma yana ta buɗe shafukan da ba wanda ya nema a gidan: kantunan intanet na wasu ƙasashe, shafukan shiga asusu, shafukan talla. A Play Store, ƙarƙashin saiti, akwai wurin da ke nuna ko Google ya tantance na'ura. Wannan ya nuna ba a tantance shi ba. Ban da Play Store ɗin, akwai kuma wata kasuwar manhajoji ta daban a cikinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wani tarko da aka laƙaba wa BADBOX 2.0, wanda ke zuwa cikin akwatunan kallo masu araha da makamantansu, wasu tun daga masana'anta, wasu lokacin saitin farko. A watan Yulin shekarar Google ya shigar da ƙara a kotu yana cewa na'urori sama da miliyan 10 abin ya shafa. Alamomin da FBI ta lissafa su ne waɗanda na gani a falon Alhaji: alƙawarin kallo kyauta, kasuwar manhaja ta daban, rashin tantancewa, da zirga-zirgar data da ba ta da dalili. Kafin nan, a watan Mayun 2024, hukumomin Amurka sun rusa wani mai suna 911 S5, aka kama wanda ake zargi da kafa shi, YunHe Wang, a Singapo. Ta manhajojin VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN ya shiga kwamfutocin mutane, ya tara adireshin IP sama da miliyan 19 a ƙasashe kusan 200, yana haya da su. Masu hayar sun yi amfani da su wajen damfarar tallafin da gwamnatin Amurka ta bayar lokacin korona. Tun 2015 ma an gano cewa Hola, wata manhajar VPN ta kyauta, tana sayar da hanyar masu amfani da ita ta wani kamfani mai suna Luminati.

Dalilin da ya sa ake neman lambar gida har a biya kuɗi a kanta mai sauƙi ne. Shafuka sun san lambobin manyan cibiyoyin saba, suna toshe su nan take. Lambar gida kuwa, ko ta layin waya, kamar mutumin kirki take a idonsu. Akwai masu hayarta don tattara farashi ko duba yadda talla ke fitowa a wata ƙasa. Akwai kuma masu buɗe asusun bogi, da masu gwada kalmomin sirrin da aka sato, da masu danna talla don cin kuɗin ƙarya. Mai gidan ba ya zaɓar wanda zai biyo. Kuma na'urar da ba ta mutuwa ta fi daraja a wurinsu. Solar da Alhaji ya sa don iyalinsa ita ta sa akwatin ya riƙa yi musu aiki har lokacin da rabin unguwa ke cikin duhu.

Ɗalibin ya yi tambaya mai kyau a nan. Ya ce, "Malam, ai an koya mana cewa layin waya ba ya karɓar haɗi daga waje. Ta ina suke shigowa?" Gaskiyarsa. Adireshin IP na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kacal, sun yi wa duniya kaɗan, shi ya sa kamfanonin waya ke tara abokan ciniki da yawa a bayan lamba ɗaya. In ka duba lambar da aka ba akwatinka za ka ga sau da yawa ta fara da 10 ko da 100.64, wadda ta cikin kamfani ce. Daga waje ba a iya ƙwanƙwasa maka kai tsaye. Sai dai su ba ƙwanƙwasawa suke ba. Na'urar da ke cikin gida ita ke kiran sabarsu, ta riƙe layin a buɗe, su riƙa zubo aiki ta nan. Duk abin da ya fara daga ciki, akwatin wifi barinsa yake ya wuce.

Wannan tarayya a lamba tana da wata illa. In na'ura ɗaya ta ɓata sunan lambar, duk waɗanda ke bayanta sai a riƙa tsare su da hotunan keke, ko da suna unguwar Zariya ko ta Bagalam a nan Maradi ba su san hawa ba su san sauka ba. Amma in bincike ya taso, kamfani na iya gano layin da ya yi abu a wane lokaci, layin kuwa da takardar shaidar Alhaji aka yi masa rajista. Nijar na da dokar yaƙi da laifukan intanet tun watan Yulin 2019, an kuma yi mata gyara a 2024, tana hukunta kutse cikin na'urar wani da zamba ta intanet. Mutum na iya wanke kansa daga baya, amma ɗan kasuwar da sunansa ne jarinsa ba ya so a fara kiransa a tambaye shi. Da na faɗi haka Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a cire akwatin yanzu.

Uwargida ba ta ji daɗi ba, kuma tana da hujja. Ta ce, "Ɗana, a nan nake sauraron tafsiri, yara na kallonsu. Ba za a wanke shi a mai da shi sabo ba?" Na ce, "Hajiya, in a cikin ginin manhajarsa abin yake, ko an mai da shi yadda ya fito daga kwali da shi zai dawo." Ware shi a wifin baƙi ma ba ya magani, zai hana shi leƙa sauran na'urorin gida, amma zai ci gaba da shan forfe da fita da lambar Alhaji. Abin da muka yi shi ne aka raba shi da intanet kwata-kwata, aka canja lambar sirrin wifi yadda ba zai koma ba. Yana nan yana kunna abin da aka zuba a filas. Tashoshi kuma ta tauraron ɗan Adam da gidan ke da shi tun da.

Furoksin da za a iya amincewa da shi

Ɗalibin, wanda jikinsa ya yi sanyi, ya kawo shawarar da zai gyara laifinsa da ita: a kafa furoksi na gida a kan wata tsohuwar kwamfuta da manhajar Squid, ya riƙa ajiye kwafin abin da aka buɗe, in wani ya sake nema a ba shi daga gida, a rage shan mega. Dabarar gaskiya ce, kuma ta yi aiki a zamaninta. Squid ya fito a 1996, shagunan siba da makarantu sun daɗe suna cin moriyarsa lokacin da layi ɗaya mai rauni ke ɗaukar kwamfutoci ashirin. Abin da ya canja shi ne kulle. Daga watan Yulin 2018 Chrome ya fara yi wa duk shafin da ba shi da https tambarin rashin tsaro, yau kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na shafukan da ake buɗewa da shi a kulle suke. Squid ba ya iya ajiye abin da ba ya gani. In ana so ya gani, sai an sa takardar shaidarsa a kowace waya ta gidan, wato yaron ya riƙa iya karanta abin da iyayensa ke yi, manhajojin banki da dama kuma su ƙi aiki. Bidiyon YouTube da TikTok da saƙonnin WhatsApp, waɗanda su ne ke cin forfen, ba za su ajiyu ba. Na ce masa ya kafa shi a ɗakinsa don koyo, zai amfane shi a aiki, amma ba zai rage wa gidan ko jika ɗaya ba.

Abin da ke rage sha ƙananan abubuwa ne: a gaya wa Windows cewa wannan wifin na awo ne don ya daina sauke manyan sabuntawa yadda ya ga dama, a kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp, a rage kaifin hoton YouTube. Don tsare yara daga shafukan batsa na sa lambar DNS ta iyali ta kamfanin Cloudflare, 1.1.1.3, a cikin akwatin wifi. DNS shi ne ke juya sunan shafi zuwa adireshinsa, wannan kuwa yana ƙin ba da adireshin irin waɗancan shafuka. Ba ta kama komai da komai, amma ba ta buƙatar a buɗe sirrin kowa.

Amarya ta tambayi wani abu da na san yana ran mutane da yawa: an ce mata WhatsApp na da furoksi, in an yanke rezo yana aiki. Rabin zancen haka ne. Tun watan Janairun 2023 WhatsApp ya sa wurin furoksi a saitinsa, kuma saƙonni na nan a kulle daga mai aikawa zuwa mai karɓa, mai furoksin ba ya karanta su. Yana amfani inda aka toshe WhatsApp kaɗai aka bar sauran intanet. In hanyar ce gaba ɗaya aka rufe, kamar yadda aka yanke intanet na wayoyi a Nijar kusan kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021, babu ta inda za a isa wurin furoksin. Haka ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashen yankin har da Nijar, furoksi bai ƙara wa kowa gudu ba. Masu cewa yana sa intanet sauri ma su lura: saƙon da zai je Turai ya dawo kafin ya kama hanyarsa tafiya aka ƙara masa.

Saura buƙatar ɗalibin ta asali, wadda ba na raina ta. Abin takaici ne yaro mai son karatu a ce masa ƙasarsa ba ta cikin jeri. In dole sai an bi ta wata ƙasa, hanyar da ta fi tsabta ita ce mutum ya yi hayar ƙaramar saba tasa ta 'yan daloli a wata, ya haɗa da ita ta SSH, wata hanyar haɗi mai kulle, ya saita Firefox kaɗai a kanta, domin Firefox na da saitin furoksi nasa da bai taɓa sauran kwamfuta ba. A nan ka san wanda ke tsakiya, kai ne. Amma na gaya masa ya fara karanta sharuɗɗan masu darasin, domin da yawa suna rufe asusun wanda ya ɓoye ƙasarsa, wahalar wata da watanni ta tafi a banza. Duk abin da ya shafi kuɗi kuwa, banki ko biyan kaya, kada ya kuskura ya bi da shi ta wata ƙasa. Riƙe kuɗin ake yi sai an gama bincike. Alhaji ya yanke cewa kwamfutar kasuwanci ba mai sake taɓa ta, ya kuma yi alƙawarin saya wa yaron tasa.

Forfen watan da ya biyo ya kai ƙarshen wata har da ragowa. Ma'aunin fita ya koma ƙasa can inda ya kamata. Hotunan keke sun ragu sosai, amma jefi-jefi suna fitowa, domin lambar ta tarayya ce, kuma ba gidan Alhaji kaɗai ke da irin wannan akwati a Maradi ba. An buɗe masa asusun odar kaya bayan ya aika hoton fasfo da takardun kasuwanci, sai dai jinkirin ya sa kayan da ya so su iso kafin salla sun makara, kuma wannan ita ce asara mafi girma a lamarin, ta fi ta mega nesa.

Alhaji ya ce in raka ɗansa wurin wanda ya sayar musu da akwatin, ba don rigima ba, don ya sani. Mutumin bai taɓa jin zancen ba. Kwali-kwali yake sarowa, abin da ya sani shi ne ya kunna ya ga hoto ya fito. Muka buɗe Play Store a waɗanda ke kan teburinsa, babu wanda ya nuna an tantance shi. Ya ce a sari na gaba zai nemi masu tantancewa ko da sun fi tsada, amma waɗanda ke shagon kuɗinsa na ciki, ba zai iya zubar da su ba. Abin da muka daidaita a kai shi ne duk wanda ya zo saye zai gaya masa ya yi amfani da filas, kada ya jona shi da wifin gida.